Zumunta A Ƙafa Take

A farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya kamannin takardun naira 200 da naira 500 da naira 1,000, aka wayi gari tsofaffin takardu kowa na gudunsu, sababbin kuwa ba su iso hannun talakawa ba, mutanen Azare sun ɗanɗana kuɗarsu kamar yadda sauran mutanen ƙasar nan suka ɗanɗana. Mutum yana da kuɗi a banki amma ya rasa na cefane. Tun da asuba ake kafa layi a ƙofar bankuna, har rana ta take, har ta yi sanyi, sa'an nan wani ya koma gida hannu rabbana.

A cikin waɗannan kwanaki akwai wani dattijo, tsohon dillalin shanu, wanda ya ba shekara 80 baya, kullum yana zaune a zaurensa bisa buzu yana kallon masu kai da komowa. Shi bai je layi ba, ƙafafun ma ba za su kai shi ba, amma ko sau ɗaya ba a kwana ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Mai kantin unguwa yana aiko da mai da gishiri ya rubuta a littafi, ɗan ƙanensa kuma ya aiko da buhun shinkafa da busasshen kifi daga tsohon garin Katagum, ba tare da an buɗe baki an roƙa ba.

Ran nan da la'asar sai ga jikansa ya shigo ransa a ɓace. Saurayi ne mai sana'ar cire wa mutane kuɗi da 'yar na'ura a bakin kasuwa, kuma jarin na haɗin gwiwa ne tsakaninsa da wani ɗan'uwansa, jikan ƙanen dattijon. Sun yi cacar baki a kan lissafin naira 40,000, har ya rantse ba zai sake ce masa uffan ba. Dattijon ya saurara har yaron ya gama fesar da abin da ke cikinsa, sa'an nan ya ce, "Abokina, sami wuri ka zauna. Wannan canjin kuɗi ba shi ne na fari da na gani ba. Na 1984 ya karya mini jari, amma shi ne ya mayar mini da ɗan'uwana."

Labarin da ya ba shi a wannan yammaci ya isa mai karatu ya tsaya ya ji, domin kusan babu gidan da ba shi da irinsa a rufe cikin ɗaki.

Gona Da Shanu

Asalin gidansu dattijon daga tsohon garin Katagum ne, wanda ke gefen arewa na kogin Jama'are, watau garin da Malam Zaki, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19. A shekarar 1916 aka ɗauke mazaunin sarautar Katagum daga can aka dawo da shi Azare, tafiyar wajen mil 40 ta kudu. Kakansu yana cikin waɗanda suka naɗe kayansu suka bi Sarki. Amma da yake Guddirawa ba sa sakin ƙasar da aka binne cibiyarsu, sai ya bar gona guda a fadamar kogin, ana nomawa ana aiko masa da amfani. Tun daga nan gidan ya kasance ƙafa ɗaya a Azare, ƙafa ɗaya a Katagum.

Mahaifinsu ya rasu a shekarar 1977, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da shanu 12 a Azare, da wannan gona ta fadama. Babban shi ne dillalin, yana zaune Azare. Ƙaramin, wanda a gida ake ce wa Auta, ya riga ya koma Katagum shekara goma kafin nan, shi ke noma gonar. Ya haƙa rijiya a cikinta, ya kafa jigo, ya dasa mangwaro da gwaba, da rani kuma yana albasa da tumatir.

Da yardar kowa dillalin ya sayar da shanun a kan naira 3,000. Ya fitar wa Inna tumuninta, naira 375. Ya ba ƙanwarsu naira 525. Shi da Auta kowa ya tashi da naira 1,050. To, kafin ya miƙa wa Auta nasa, sai ya ta da maganar gona, ya ce ai ita ma gado ce, a yi mata kuɗi a raba. Wannan magana kuwa ya yi ta ne ranar sadakar arba'in, zaure cike da mutane. Auta ya harzuƙa, ya ce wanda bai taɓa riƙe fartanya a cikin gona ba, ba shi da bakin magana a kanta. Mutane suka yi tsit. Dillalin ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido, ya ce to, in haka ne, ko kwabo ba zai fita daga hannunsa ba sai ranar da aka raba gona. Auta ya kaɗe rigarsa ya ce ya riƙe, Allah ya amfana.

In an bi ta barauniyar hanya aka duba zuciyar kowannensu, za a tarar kowa yana da rabin gaskiya. Gona dai gado ce, babu musu, amma ba a danne haƙƙin da ya riga ya tabbata don a ƙwato wanda ba a riga an auna ba. Wahalar Auta a gonar ita ma gaskiya ce, amma ba a faɗa wa wa irin wannan magana a gaban jama'a. Rigimar da ta fi wuyar kashewa kuwa ita ce wadda kowane ɓangare ke riƙe da rabin gaskiya, don kowa rabinsa yake kallo. Kunya ta hana su zuwa gaban alƙali, girman kai kuma ya hana su zuwa gaban juna. Inna ta yi ta safa da marwa tsakanin Azare da Katagum tana lallashi, kowa ya sunkuyar da kai ya ce "To, Inna," tana juya baya ya koma kan bakansa. A haka Allah ya yi mata rasuwa a shekarar 1981. Suka zauna zaure ɗaya kwana uku suna karɓar gaisuwa, ba wanda ya dubi idon wani.

Amanar Makiyayi

A kara kuwa sunan dillalin ba ya bukatar shaida. Aikinsa na fatoma ne: makiyayi ya sauka gidansa, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya shige masa gaba wajen ciniki, ya tsaya wa mai saye cewa saniya ba ta sata ba ce, ya tsaya wa mai sayarwa cewa kuɗinsa za su fito, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa. Irin wannan sana'a ba ta da jarin da ya wuce mutunci. Ranar da aka kama fatoma da ƙarya sau ɗaya, ranar ya gama ci a kara.

Cikin baƙinsa akwai wani Bafulatani daga dajin Gamawa, wanda tun uban dillalin na da rai gidan yake sauka. A shekarar 1983 ciwon bushiya ya faɗa wa shanun arewacin Nijeriya, ya yi ɓarnar da tsofaffin makiyaya har yau ba sa son tunawa. Garke yakan kwanta cikin 'yan makwanni, saniya na zubar da hawaye da yawu da gudawa har ta mutu. Wannan Bafulatani ya rasa fiye da rabin dukiyarsa. Ya sayar da waɗansu daga cikin waɗanda suka tsira, ya haɗa naira 4,700, ya ƙudura zai nausa kudu wajen Adamawa da 'yan waɗanda aka yi wa allura. Daren da zai tashi ya miƙa wa dillalin kuɗin a ƙunshe cikin tsumma, ba takarda, ba shaida, ya ce, "Fatoma, riƙe mini. In na dawo, to. In ban dawo ba, ɗana ya san ƙofar gidanka." Dillalin ya sa su a adaka ya kulle.

Ƙunshi Uku

A ƙarshen watan Afrilu na 1984 sai gwamnatin mulkin soja ta Manjo-Janar Muhammadu Buhari ta ba da sanarwa ba zato ba tsammani, cewa an sauya launin takardun naira 1 da 5 da 10 da 20, kuma an rufe iyakokin ƙasa. Nufin gwamnati shi ne ta kashe kuɗin da aka ɓoye a gidaje da waɗanda aka yi fasa-ƙwaurinsu zuwa ƙasashen waje. Aka ba jama'a daga ran 25 ga Afrilu zuwa ran 6 ga Mayu, kwana 12 ke nan, kowa ya kai nasa banki. Ba a musanya wa mutum ɗaya fiye da naira 5,000. Abin da ya haura sai a zuba shi a asusu, tare da takardar rantsuwa mai bayyana inda aka samo shi. Bayan wa'adin kuwa tsohuwar takarda ta zama ganye. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa Azare, inda bankuna suke, ga zafin bazara, ga ƙishirwa.

Dillalin ya ji sanarwar a rediyo. Da dare ya kunna fitila ya buɗe adaka, ya fito da ƙunshi uku ya jera a kan tabarma. Na fari amanar Bafulatani, naira 4,700. Na biyu jarinsa, naira 2,400. Na uku kuwa rabon Auta, naira 1,050, a cikin tsumman da ya ɗaure shi tun 1977. Shekara bakwai bai taɓa zarar ko naira ɗaya a ciki ba, kuma da wannan yake kwantar wa kansa da hankali, yana cewa shi dai bai ci haƙƙin kowa ba.

Maganar ƙunshi na fari ba ta ɗauke shi tunani ba. Mai shi yana can bayan duwatsu, wataƙila ma bai ji labari ba, saboda haka shi za a fara musanyawa. Wannan ya bar masa gurbin naira 300 kacal. Jarinsa sai ya shiga asusu, ya fito ranar da Allah ya nufa. Saura na uku.

Uwargidansa tana zaune gefe tana kallo. Can ta ce, "Malam, in yi magana?"

Ya ce, "Ina jinki."

Ta ce, "Na ga ka ƙirga na baƙonka sau uku, ka ƙirga naka sau biyu, wancan kuwa ko kwance shi ba ka yi ba. Duk garin nan an shaida ba ka cin amana, ni ma shaida ce. Amma Malam, shi baƙon da hannunsa ya ba ka. Auta kuwa yaushe ya ba ka ajiya? Kai ba ka ci ba, shi bai ci ba, geron da za su saya a da yanzu ko rabinsa ba za su saya ba, nan da kwana goma kuma ko mai ƙosai ba za ta karɓe su ba. Ranar da aka tambaye ka, me za ka ce?"

Bai tanka ba. A daren ne kuma ta gaya masa abin da bai sani ba, cewa duk shekarun nan bakwai ba a yi Salla ba ta aika wa matar Auta da turmin atamfa ko ɗan sabulu ba, ba a kuma yi haihuwa a can ba ta kai gudunmawa ta hannun ƙanwarsu ba, ita ma matar Auta tana aiko da albasa da kuka a ɓoye. Watau maza sun yanke igiya ta sama, mata suna riƙe da ita ta ƙasa. Wannan abu ne da ya kamata a lura da shi, don gidaje da yawa da ake yaba wa maza a kan haɗin kansu, in an tona za a tarar ƙafar mata ce ta yi tafiyar.

Dillalin ya kwana yana juyi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ya yi shekara bakwai yana hangen laifin ƙanensa, alhali yana tsaye a kan nasa. Ba banza ba Hausawa suka ce laifi tudu ne. Riƙon amanar bare yana da sauƙi ta wani fanni, domin yana jawo yabo a kasuwa, kuma bare bai taɓa faɗa maka maganar da ta tsaya maka a wuya ba. Adalci ga wanda kuka sha nono ɗaya, wanda ya san inda zai taɓa ka ya yi zafi, shi ne babban awo.

Duk da haka da gari ya waye bai tafi da kansa ba. Ya nemi hanya mai sauƙi, ya ba wani direba da ya yarda da shi ƙunshin, ya ce ya kai. Bayan kwana biyu direban ya dawo da shi yadda yake, ɗaurin ma ba a taɓa ba. Auta ya ce a gaya wa Yaya, shi bai san direba ya riƙe masa kuɗi ba. Kwana biyu sun tafi a banza, wa'adi yana ƙaratowa.

A Bakin Jigo

Ran 1 ga Mayu da sassafe dillalin ya sa ƙunshin a aljihun 'yar ciki ya shiga mota. Ya ce tun da yake bai taɓa yin tafiyar da ta yi masa nisa kamar wannan mil 40 ba. A hanya ya shirya magana iri-iri, kowace da "amma" a tsakiyarta: na riƙe maka kuɗi amma kai ka fara, na yi kuskure amma gona gado ce. Da ya haye kogin, wanda a bazara rairayi ya fi ruwa yawa a cikinsa, ya hango itatuwan mangwaron da ya bari ba su kai ƙugu ba sun zama inuwa, sai ya gane tsawon abin da ya wuce. A nan ya zubar da dukan "amma" ɗin da ya ɗauko.

Ya tarar da Auta a bakin jigo yana ban ruwa. Ya yi sallama. Auta ya amsa ba tare da ya waiwayo ba, ya ja guga biyu ko uku ya juye a kwali, sa'an nan ya saki igiya. Dillalin ya fito da ƙunshin ya riƙe da hannu biyu, ya ce, "Auta, ga haƙƙinka. Na riƙe shi shekara bakwai ba bisa ƙa'ida ba. Ka yafe mini." Bai ambaci gona ba, bai ambaci fartanya ba.

Wanda bai san al'ada ba ba zai ga girman wannan abu ba. A ƙasar Hausa ƙane ke zuwa wurin wa, ko da wan ne da laifi, a kira ƙaramin a ce ya ba da haƙuri a wuce wurin. Wa ya taso takanas ya tsaya a gaban ƙanensa cikin gona yana neman gafara, mutane da yawa za su ce ya zubar da girma. Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Riƙe fushi ba ya bukatar ƙarfi, yaro ma yana iyawa. Kuma ban haƙurin da aka liƙa wa "amma" ba ban haƙuri ba ne, sabuwar ƙara ce aka shigar da lafazi mai taushi.

Auta bai rungume shi ba, bai yi kuka ba, bai ma ce ya yafe ba. Ya tsaya shiru yana kallon ƙunshin. Can ya je gindin mangwaro ya ɗebo ruwa a tulu ya miƙa, ya ce, "Yaya, sha ruwa, ka sha rana." Bayan ya sha, Auta ya karɓi ƙunshin ya juya shi a hannu, ya ce, "Ni fa ban taɓa shiga banki ba."

Dillalin ya ce, "Wanke ƙafarka mu tafi tare."

A daren Auta ya kwana a gidan da ya rabu da shi tun zaman makokin Inna. Washegari tun kafin kiran assalatu suka kama layi. Kwana biyu suka yi suna tsaye, ɗaya na bayan ɗaya, in wannan ya tafi salla wancan ya riƙe masa wuri. Ranar farko maganarsu ba ta wuce ta zafin rana da tsadar gero ba. A rana ta biyu wata tsohuwa mai fura ta wuce, Auta ya ce tafiyarta irin ta Inna ce. Daga nan baki ya buɗe. Suka tuno ranar da ta kama su sun sha mata nonon sayarwa, ta bi su da muciya har ƙofar gida. Suka yi dariya, dariyar ta ƙare da shiru. Sa'an nan Auta ya ce, yana kallon ƙasa, "Yaya, maganar da na faɗa ranar arba'in ɗin Baba, tun a mota kafin in isa gida na so in mayar da ita ciki. Na rasa ta inda zan fara."

Ashe shekara bakwai kowannensu yana jiran ɗaya ya taka taki guda.

Abin Da Ya Dawo Da Wanda Bai Dawo Ba

An musanya na Bafulatani, an musanya na Auta. Naira 2,100 na dillalin suka shiga asusu bayan ya yi takardar rantsuwa, suka yi watanni suna fitowa kaɗan-kaɗan. Kara ta mutu, don shanu sun ƙare. Daminar 1984 kuma ta zo da ƙarancin ruwa, gero ya ƙone a gonakin tudu, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Abin da ya riƙe gidan dillalin a wannan shekara shi ne amfanin fadamar nan da ya yi shekara bakwai yana fushi a kanta. Auta yana aiko da abin da ya samu, ba lissafi.

Maganar gona ma ba a binne ta ba, don sulhun da aka yi ta hanyar rufe haƙƙi da tabarma yakan sake tsirowa a hannun 'ya'ya. Bayan shekara suka tafi su uku, har da ƙanwarsu, wurin wani malami masanin rabon gado. Aka yi wa ƙasar kuɗi ita kaɗai, aka ware rijiya da itatuwa a matsayin guminsa na Auta, aka fitar da rabon marigayiya Inna aka sake raba musu, Auta ya biya yayansa da 'yar'uwarsa nasu a hankali cikin kaka uku. Abin da dillalin ya samu bai kai abin da ya ƙiyasta a 1977 ba. Ya ce ko a lokacin aka zauna aka yi haka da zama ɗaya ya isa.

Bafulatani bai dawo ba sai da kakar 1986. Ya zo a rame, ya riga ya fid da rai, don ya ji labarin mutanen da kuɗinsu suka mutu a cikin tukwane. Dillalin ya buɗe adaka ya miƙa masa naira 4,700 sababbi, cikin tsummansa na da. Mutumin ya daɗe yana juya takardun yana duban launinsu, bai ƙirga ba. Da waɗannan kuɗi ya sake kafa garke. Ita bushiya an kawar da ita daga doron ƙasa, an yi shelar haka a shekarar 2011, amma jikokin wannan makiyayi har yanzu gidan suke sauka.

Abu ɗaya ne bai dawo ba. Inna ta tafi ba ta ga 'ya'yanta sun ci tuwo a akushi ɗaya ba. Dattijon ya ce ya yi zaman lafiya da Auta shekara 25 bayan haka, har shi ya yi masa wanka ya sa shi a kabari, amma duk wannan bai biya masa shekara huɗun da tsohuwar ta yi tana hawa mota tana sauka saboda taurin kansu ba. Kuɗi an ba su wa'adi an faɗa a rediyo, shi ya sa ya tashi. Wa'adin mutum kuwa ba a shelarsa.

Darasin Ƙasar Katagum

Tarihin ƙasar nan da kansa ya nuna fuska biyu na wannan al'amari. A watan Janairu na 1824 Baturen nan Kilafatan ya iso Katagum daga Barno, abokin tafiyarsa Likita Udini yana fama da ciwon da ya kashe shi a Murmur cikin watan. Ya tarar da gari mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ana ciniki da wuri, Sarki Ɗankauwa kuma ya karɓe su da karamci. Amma ganuwa biyu ba ta isa ta tsare garin ba sa'ad da rundunar Shehu Laminu na Barno ta taso bayan shekara biyu. Sai da Sarkin Bauci Yakubu ya kawo ɗauki aka yi karo a Fake, sa'an nan ƙasar ta komo hannun masu ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun Sarki ne.

Ɗaya fuskar kuma ta bayyana a wajen 1850, sa'ad da rikicin sarauta ya shiga tsakanin Sarkin Haɗeja Buhari da ɗan'uwansa Ahmadu, ga kuma saɓaninsa da Sakkwato. Wutar ba ta tsaya a gidan da ta tashi ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya har zuwa rasuwar Buhari a 1863 sun raunana Katagum ƙwarai, talakawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa gidaje da gonaki. Haka faɗan 'yan'uwa yake ko a gidan talaka. Masu yinsa su biyu ne, masu biyan kuɗinsa kuwa uwa ce da mata da 'ya'ya.

Da dattijon ya kai aya, magariba ta kawo jiki. Jikan ya ce, "To Baba, ni fa na riga na rantse."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce, ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumi uku. Wannan kana iyawa cikin mako guda. Ni tawa shekara 40 ke nan ina biya ban gama ba. Shinkafar da ka ci jiya a gidan nan, ubansa ne ya aiko da ita. Ku zauna da littafinku ku bi lissafin layi-layi, wanda kuɗi suka hau kansa ya biya, don ba a gina zumunci a kan cuta. Amma kai za ka fara zuwa."

Yaron ya ce, "Ai ni ne babba."

Ya ce, "Shi ya sa."

Yaron ya zaro wayarsa daga aljihu zai buga. Dattijon ya ɗaga sandarsa ya dafe masa hannu, ya nuna masa takalmansa da ke bakin ƙofa. Allah ya ba masu fushi ikon taka wannan taki tun masu jiransu na da rai, amin.